Ampilin da ba ya rufa asiri

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na kunna sabon ampilina a bikin gidan Elhaji Bukar.

Sana'ata bayar da hayar kayan sauti a Gure, kuma idan biki ya yi armashi nakan karɓi mikoro in rera waƙa da kaina. Tsohon ampilina, wato injin ƙara sauti, mai araha ne, mai ƙugi da amsa-kuwwa, in ka yi sallama sai ya maimaita ta har masu amsawa su gaji. Da shi na yi suna. Mata na guɗa, ana cewa muryata baiwa ce, ni kuma na yarda (wa zai ƙi?). Ita ma Falmata ƴar Elhaji, wadda nake nema da aure, na ɗauka muryar ce ta jawo ta.

Da aka sa bikin yayarta, sai na ce ranar burge suruki ta zo. Na sayar da babur ɗina na sayo ampili mai tsada daga Yamai, nauyinsa kamar buhun gero. Mai shagon ya ce ba ya ƙari, ba ya ragi, abin da ya shiga shi ke fita. Na bi gari ina maimaita wannan magana da alfahari.

Bayan la'asar na saka kiɗan gurmi, har motsin yatsa a kan tsirkiya ana ji. Kaina ya kumbura. Na ɗauki mikoro, na lumshe ido, na ja baiti mai tsawo. Wuri ya yi tsit, na ce a raina yau na kashe su da daɗi, na ƙara ja.

Da na buɗe ido sai ga kawun amarya, wani dattijo makiyayi daga Alakoss, riƙe da igiya yana leƙa bayan lasifika.

"Raƙumata ce ta kwance," in ji shi. "Ko cikin garke na san kukanta."

Na durƙusa ina laluben maɓallin amsa-kuwwa in ɓuya a bayansa. Babu shi, masu ƙirar da gangan suka ƙi sawa. Na ce wuta ce ta yi ƙasa. Elhaji ya dube ni da tausayi ya ce, "Yaro, injinka lafiyarsa lau."

Kunya ta hana ni zuwa zance har Falmata ta aiko kirana. Na fara ɗora wa ampili laifi, ta katse ni.

"Ai muryarka ke nan tun fil azal. Ni da nake jin ta a ƙofar gida ba inji?"

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Na zaci ka sani."

Daga baya an ba ni auren Falmata, bisa sharaɗin ba zan yi waƙa kusa da dabbobin gidan ba. Tun ranar na koyi cewa kafin ka sayi abin da ba ya ƙarya, ka fara tambayar mai sonka yadda gaskiyar take.