Farfesan Yunwa Mai Agogo Biyu

Duk mai neman ilimin rage ƙiba kada ya wahalar da kansa zuwa asibiti. Ya zo layinmu ya gaida maƙwabcina, Delbert Hostetler. Mu Farfesan Yunwa muke kiransa, shi kuma yana amsawa da fara'a, a zatonsa karramawa ce.

Tun da ya yi ritaya daga aikin kwana-kwana, buri ɗaya ya rage masa: ya ja gaban faretin ranar 'yancin kai cikin tsohon kakinsa. Kwamitin gari ya yarda, da sharaɗin kakin ya shige shi. Kakin kuwa an ɗinka shi ne zamanin da Delbert ke iya hango takalminsa yana tsaye.

Matarsa Marlys ma tana rage ƙiba, amma irin ta marasa ilimi. Safe, rana, dare duk tana ci, sai dai ta rage, har dankali aunawa take a sikelin kicin. Abin nan yana ƙona wa Farfesa rai.

"Marlys, ƙirga loma aikin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne," yakan faɗa daga baranda, da ƙarfi don mu ma mu ƙaru. "Ciki ma'aikaci ne, hutu yake so. Ki rufe ƙofa da yamma, ki buɗe da tsakar rana. Tsakanin nan ki ci abin da kika ga dama. Kimiyya ke nan."

A yi masa adalci, da safe ko madara ba ya yarda a ɗiga masa a kofi. Zama yake ya ƙura wa agogo ido kamar kura ta ga akuya a turke. Rana na tsakawa, sai ka tausaya wa firji.

Yamma ce matsala, don ƙofa kan rufe Farfesa bai gama ba. To, garinmu na jihar Indiyana ta Amurka a bakin layin da lokaci ke canzawa yake. Ka ɗan tuƙa zuwa yamma, agogo ya koma baya da awa guda. Mu jahilai ba abin da layin ya tsinana mana sai rikita alkawarin likitan haƙori. Farfesa ne ya hango kimiyya a ciki. Ya sayi agogo na biyu, ya saita shi da lokacin tsallaken layin, ya ɗaura a hannun dama. Da na hagu yake buɗe ƙofa. In ta rufe, ya faɗa a-kori-kurarsa, ya tsallaka layi, ya ci gaba da gasasshen haƙarƙari bisa na dama.

Na leƙa ta kan shinge na tambaye shi ko cikin ma ya san an canza lokaci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi mai bin doka ne, kuma gwamnati ce ta ja layin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safiyar fareti Marlys ta fito cikin rigar da ta daɗe ba ta shige ta ba. Farfesa kuwa ya kwanta rigingine a gado, ya haɗiye numfashi, ya ja zif ɗin wando da filaya. Ya rufu! Daga nan tashi ya gagara, buɗewa ta gagara, numfashi ma ya fara shawara.

Marlys ta kira agaji. Su wa za su zo in ba 'yan kwana-kwanan da zai jagoranta ba, cikin motar da aka goge don fareti, da jiniya? Suka farke wandon da almakashi, suka fito da shi baranda naɗe cikin bargo ya sha iska. Duk layin mun hallara, don taya jimami.

"Yadin zamanin baya ba ya jure ajiya," in ji Farfesa yana haki. "Tsukewa yake. Masana sun tabbatar."

Motar ta juya, fareti ya tashi ba da shi ba. Marlys ta tattara tsumman kakin, ta miƙa masa makullin a-kori-kura.

"Delbert, yi maza ka tsallaka layi," ta ce. "A can da sauran awa guda kafin ka ji kunya."