An Sa Shugaba a Gaba

A gidanmu na haya Allah ya yi mana baiwar shugaba. Ba mu zaɓe shi ba, shi ya rage mana wahala ya zaɓi kansa. Makullin injin da ke tura ruwa tankin sama kullum yana wuyansa kamar lambar yabo. A bayan idonsa Sha-Hari muke ce masa.

Maganarsa ɗaya ce: "An sa ni a gaba." Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san mutum na faɗin haka ne idan an bi shi da fitina yau, an bi shi gobe, an hana shi sakat. Shi kuwa gaisuwa ma ta isa. Ka ce, "Shugaba, ya gajiya?" Ya ce, "Wa ya ce na gaji? Kujerar kuke so."

Rannan da hantsi ya kunna inji, ya shige ɗaki, ya manta. Tankin kuwa a saman ɗakinsa yake, daidai kan sababbin kujerun da ko matarsa ba ta isa ta zauna ba. Ya cika, ya fara ambaliya.

Telan gidanmu ne ya fara buga ƙofa. "Shugaba, ruwa!"

"Kullum ruwa! Jiya kun ce babu, yau kuma da wace kuka zo?"

Malamar asibiti ta ce, "Baba, miƙo makulli ta taga."

"Yawwa! Makulli! Dama na san nan za a zo."

Tsohuwar ɗakin bakin ƙofa ta dogaro sandarta ta zo. Muka ji yana cewa matarsa, "Kin gani? Har tsofaffi sun ɗauko. Sa sakata."

"Maigida, silin fa na ɗiga."

"Ke ma sun saye ki?"

Da muka ga haka sai muka jera bokitai a gindin bango, don dai kada ruwa ya tafi a banza. Tela har wanki ya fara.

Can sai muka ji rif!

Ƙofa ta buɗe. Shugaba ya fito sharkaf, guntun silin a kafaɗa, kujerunsa na tsiyaya a bayansa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara murya.

"Yanzu duk gidan nan an rasa mai tsoron Allah guda ɗaya da zai gaya mini?"

Muka ba shi haƙuri.