Bikin da Na Ɗaga da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da wani biki a Baure ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Ni ne mawaƙin ƙungiyarmu, muna zaga gidajen biki daga Daura zuwa Zango har Mashi. Mai kalangunmu Baba Ilu ne, abokin mahaifina, shi ya fara saka ni a harkar. To amma hannunsa ya yi sanyi. Ina baiti na uku yana na biyu, masu rawa su tsaya cak suna kallonmu. 'Yan amshi suka sa ni a gaba: ko shi ko su. Wallahi na gaji. Na gaji da ba su haƙuri, na gaji da ba masu biki haƙuri.

Sai dai da wane ido zan dubi sa'an ubana in ce ya zauna a gida? Na sha zuwa ƙofarsa da maganar a bakina, mu gaisa, in tambayi iyali, in tambayi awaki, in sha fura, in tashi. (Har shawarar noman gero na ba shi, ni da ban san inda ake riƙe fartanya ba.)

Daga ƙarshe na bi hanyar da aka saba a wajenmu: a daina sanar da mutum, shi da kansa zai gane. Na samo sabon makaɗi a ɓoye. Ana gab da bikin, Baba Ilu ya tare ni a kasuwa.

"Ɗana, Asabar muna Baure ko?"

"Ai Baba an ɗaga bikin nan."

"An ɗaga?"

"An ɗaga. Wai dangin amarya ba su shirya ba." (Lura, babu wanda ya tambaye ni dalili.)

Ya dube ni ya ce, "To, Allah Ya sa haka ya fi alheri."

Ranar Asabar da la'asar muka baje a Baure, fili ya cika, kiɗa ya zauna. Sanƙira yana kiran sunayen dangi ina wasa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Sai kawun amarya, Malam Iliyasu!" Na lumshe ido na rangaɗa masa baiti, har da cewa shi ne bangon gida. Ina buɗe ido sai ga Baba Ilu tsaye a gabana cikin farar babbar riga. Muryata ta ɗauke. 'Yan amshi suka ci gaba da amsa abin da babu mai bayarwa.

Da aka tashi, shi ya kawo mana tuwo da hannunsa. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Tashi, ɗana. Ai ni na ce a ɗauko ku. Na san hannuna ya tafi, ni ma ina ji. So na yi in kaɗa wa 'yar ƙanwata na ƙarshe, in rataye kalangun." Ya ɗan yi murmushi. "Amma ka ga dangin amarya sun shirya."

Tuwon nan ban iya ci ba. Abin da ke damuna har yau shi ne, da na buɗe baki na yi masa magana, yini ɗaya kawai zai roƙa, kuma da na ba shi.

Yanzu idan zan sallami mutum, nakan je in faɗa masa da bakina, in haɗiye kunyar. Idan kuma ƙarya ta kama ni dole, to kafin in ɗaga wa mutane biki nakan fara tambayar 'yar waye amarya.