Kwalbar Jamus a Rusaifa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na bugu a garin Makka ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma wannan sai na faɗa.

Sobiya nake sayarwa, ruwan sha'ir ɗin nan mai sanyi da mutanen Makka ke so. Ban yi boko ba, ba na karatu, amma wurin ɗanɗano harshena ba ya ƙarya. Teburina yana ƙofar shagon Abu Majid a unguwar Rusaifa. Haifaffen nan ne, kakansa ya zo daga Katsina a ƙafa. Shi ya bar ni a inuwarsa, ni da ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. In ya ce tashi, ba ni da wurin zuwa.

Wata rana bayan la'asar ya leƙo.

"Ya Kawu, ta'al, zo nan. Dillali ya kawo sabon kaya. Ɗanɗana mana, in saro ko in bari?"

Na shiga ina ƙasaita. Akwai mutane a shagon, duk suka zuba mini ido. Ya buɗe wata koriyar kwalba, ya tsiyaya a kofi. Ruwan kamar zinariya, kumfa fari a sama. Na kurɓa. Ɗaci kamar maɗaci! Amma namiji ba ya yatsine fuska a gaban jama'a, don haka na shanye tas (ƙishirwa ma ta taimaka).

Sai na yi gyatsa, warin ya taso mini ta hanci. Na san warin nan. Ina yaro na tura amalanken kwalaben giya a Sabon Garin Kano, kuma ko ɗigo ban taɓa kai wa bakina ba.

Na ce, "Daga ina wannan?"

"Jamus. Filsna suke ce mata."

Jamus. Nan take ƙasa ta fara juyawa. Na zube kan buhun shinkafa. Abin da ya faɗo mini shi ne wa'azin malamai, cewa mashayi ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Kuma a Makka! Ni da 'yan jawazat masu kamen baƙi suka sha kora, na kwana ƙarƙashin gada, na binne matata ban zub da hawaye a gaban kowa ba, sai ga ni ina kuka da majina.

"Ka cuce ni, Abu Majid! Ka shayar da ni giya a garin Allah!"

"Ya Kawu, isma', saurara..."

"Yi mini shiru!"

Na ga mashaya da yawa, na san ba a riƙe su da maganarsu. Sai zuciyata ta ce, tunda ka riga ka bugu, sauke kayan cikinka. Na nuna shi da yatsa.

"Kuma baƙin rinin nan da kake shafa wa gemunka, kowa dariya yake yi maka. Kamar bunsurun da ya faɗa cikin tukunyar baba!"

Ana cikin haka wata tsohuwa ta shigo, ta wuce ni, ta buɗe firij, ta ɗauko irin kwalaben nan na wani kamfani. Ta ce wai suna wanke mata ƙoda.

Abu Majid ya ce a hankali, "Babu giya a ciki, Kawu. Sifiri. Da akwai, ai da ba ta wuce tashar Jidda ba. Sha'ir ne, irin na sobiyarka."

Wallahi buguwar ta tafi kamar an kashe fanka. Ƙasa ta tsaya. Saura ni, da majina, da maganar bunsuru da ba ta komawa ciki. Na fara tunanin inda zan kai teburina.

Abu Majid ya shafa gemunsa, ya daɗe yana kallona. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"To mai hukunci, in saro?"

Na share fuska. "Saro. Tana da ɗaci, amma tana da ƙarfi."

Teburina yana nan. Gemun Abu Majid yanzu fari ne sol, kuma ya fi masa kyau. Yaran unguwa kuwa Bajamushe suke kirana.

Abin da na koya: tsoro ma yana bugarwa, kuma shi ba ya wanke mutum daga abin da bakinsa ya faɗa. Yanzu ko zamzam aka miƙo mini a koriyar kwalba, sai na tambaya.