Takalmana a Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kwashe mu daga jami'a a Dutsin-Ma zuwa Legas ba, don samun horo a wani ɗan jirgin sintiri na sojan ruwa da aka ware wa ɗalibai. An ce wanda ya fi ƙwazo shi za a bari ya riƙe sitiyarin jirgin. Tun a mota na sanar da kowa cewa nawa ne. Ai ni ɗan ruwa ne, a kwale-kwalen Kawu Sale na girma a dam ɗin Zobe (gaskiya shi ke tuƙi, ni aikina kwarfe ruwa da ƙwarya).

Kawu yana da doka: ba a shiga jirginsa da takalmi. Don haka muna isa bakin jirgin na cire sababbin takalmana, na jera su kamar a ƙofar masallaci. Har na juya na ce wa abokaina, "Ku 'yan tudu, haka ake yi." Biyu suka bi ni. Binta 'yar Kurfi, wadda ruwan da ta sani bai wuce na rijiya ba, ta dube ni ta shige da nata.

Jirgi ya tashi. Abin da ban lissafa ba shi ne kwale-kwalen Kawu itace ne, wannan kuwa ƙarfe. Rana na take tsaka aka jera mu a sarari, aka ce mu ƙame. Wallahi kamar na taka tanda! In ɗaga ƙafar dama, in ɗaga ta hagu, mabiyana biyu suna taya ni suna zagina ƙasa-ƙasa.

Hafsan da ke horar da mu, wani Bakatsine, ya tsaya gabana.

"Kai, rawar me kake? Ina takalmanka?"

"Yallaɓai, suna bakin ruwa. Ladabi ne."

"Ladabi ga wa? Kifi?"

Aka fashe da dariya, kunya ta rufe ni. Ashe ba a shiga ɗakin tuƙi ƙafa ba takalmi. Binta aka ba sitiyari, ina leƙe ta taga. Da ta fito ta ce, "Ɗan ruwa, in ara maka silifas?"

Na karɓa, mai fulawa ne, da shi na dawo Dutsin-Ma, don takalman tuni wani ya yi gaba da su. Tun daga ranar, ko masallaci na je ba na cire takalmi sai na ga liman ya cire nasa.