Sandar Limamin Iska

Duk Fagge babu wanda ya san sha'anin sararin sama kamar Malam Abdulmuminu mai yadi. Wata Lahadi Turawan da ke wasa da jirgin saman nan marar inji a bayan gari suka ce ya riƙe musu bakin fiffike, tun daga ranar ilmi ya sauko masa gaba ɗaya. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Limamin Iska. Da yake mutum ne mai tawali'u, bai musa ba.

Fanninsa shi ne sandar tuƙi, wadda matuƙi ke riƙewa tsakanin gwiwoyinsa. Ya leƙa jirage har biyu, saboda haka ya gama bincike.

"Akwai miƙaƙƙiya, akwai mai lanƙwasasshen kai," in ji shi, masu sayen yadi na tsaye suna jira. "Miƙaƙƙiyar ta talakawan Turawa ce. Mai lanƙwasa ta ɗan fi mutunci. Amma duk gajeru ne. Ina aka taɓa ganin babban mutum da sanda iya gwiwa?"

Ana nan sai sandar jirgi mai kujera biyu ta tsage. Baturen da ke tuƙa shi ya ce wanda ya kawo masa wata, shi zai ɗauka sama. Kafin la'asar Malam ya sanar wa Fagge ranar tashinsa, sannan ya nufi Sabon Gari wurin Boniface maƙeri.

"Maigida, ai Bature ya aiko da awo," in ji Boniface. "Ga igiyar nan."

"Boniface, kai ƙarfe ka sani, ni sanda na sani. Sanda girma ce. Yi mini ita iya kafaɗata, da kan tagulla."

Boniface ya ce to. Ya ƙera ta Malam, ya kuma yanke wani guntun bututu daidai igiyar, ya ajiye. Malam ya kai tasa wurin dukawa, aka sa mata jar fata da tuntaye.

Ranar Lahadi rabin Fagge ya bi shi fili. Ya shiga jirgi, babbar riga ta cika kujera, aka kafa sanda. Sai murfin jirgi ya ƙi rufuwa. Aka danna, kan tagulla ya ce ƙwal.

"Laifin murfin ne," in ji Malam. "A cire shi."

Malam aka cire. Aka ɗaura guntun bututun da Boniface ya zo da shi, murfi ya rufu, Boniface ya yi sama yana kiran sunan Nneka matarsa.

Amma Baturen bai raina sandar ba. Kafin su tashi ya jujjuya ta, ya yaba tsawonta ƙwarai, ya mayar wa Malam da hannu biyu. Sannan ya nuna masa wasu awaki da suka shigo inda jirgi zai sauka.

Masu gaskiya sun shaida, ba a taɓa korar awaki da sanda mai daraja irin wannan ba.