Ranar da Filasta Ta Fi Bulo Girma

"...Lafiya ƙalau, in ban da ganinka. Tsoho, wa ya nuna maka hanyar ofishin nan?"

"Ƙafata. Na zo in ga inda ake ba matata albashi don ta zauna kallon talabijin."

Jikar tasa ba ta ko ɗago kai ba. Mai zanen gine-gine ce, kuma yau za ta miƙa zanen wani ƙaramin asibitin yara, aikin farko da aka sakar mata ita kaɗai. Saura awa guda likitar da ta ba da aikin ta iso. Shi kuwa kakan, shekara arba'in ya yi yana ɗora bulo kan bulo kafin gwiwa ta sallame shi. Ya jawo kujera, ya zura wuya gaban kwamfuta.

Abin da ya hana ta sakat a fili yake. Bangon asibitin ruɓi uku ne: bulo daga ciki, sai soso mai tare zafi, sai filasta daga waje. Amma duk inda bango biyu suka haɗu, sai manhajar zanen ta sa filastar ta ratsa tsakiyar bulo ta raba shi biyu, soson kuma ya leƙo waje kamar harshe. Kusurwa arba'in da biyu, duk haka. Tun safe take jan layi, layi na komawa inda ya fito.

"Wannan bangon gwalo yake yi mini?"

"Ya gane ka ne."

"Faɗa suke yi, yarinya. Kin haɗa su ba ki gabatar da su ga juna ba. Ni bangon da na gina, in ya ji ana hadari, da kansa yake matsowa ya kare mutane."

"Shi ne wanda ya kwanta a kan motar maƙwabcinku?"

"Ba kwanciya ya yi ba. Durƙusawa ya yi ya gaishe shi. Tarbiyya ce."

"Tarbiyyar da ta mai da mota faranti."

"Ta fi kyau a haka. Har yau ba ta sake cin mai ba."

Ya wawuri linzamin kwamfutar ya kara a kunne. "Halo, bango? Ubanku ne ke magana. Ku shiga taitayinku."

"Kaka, don Allah ajiye! Saura minti arba'in. In matar nan ta ga asibiti da harshe a waje, ta ƙofar baya zan fita daga sana'ar nan."

Tsohon ya ajiye linzamin a hankali, ya goge tabarau da bakin riga, ya ƙura wa kusurwar ido.

"Wane ne babba a cikinsu?"

"Babba kuma? Zaɓe aka yi?"

"In bango ya gamu da bango, bulo ke fara kama bulo, haƙori cikin haƙori. Filasta riga ce, daga baya ake sa ta. Ke kin taɓa ganin mutum biyu sun haɗu, rigunansu sun gaisa, su suna tsaye suna kallo?"

Ta buɗe baki za ta rama, sai wani abu ya faɗo mata a rai. A cikin manhajar kowane kayan gini yana da lambar matsayi, mai babbar lamba shi ke ratsa ƙarami a mahaɗa. Ta buɗe jerin. Filasta ɗari biyu. Soso ɗari huɗu. Bulo, da ya kamata ya zama ɗari tara, casa'in. Sifiri ɗaya ta yar a hanya, ta mai da shi autan gida.

Ta mayar masa da sifirinsa. Nan take bulo ya kama bulo, soso ya janye harshe ya zagaya kusurwa, filasta ta koma waje ta rufa musu asiri. Ta sauke wani dogon numfashi.

"Dama na sani. Gwada ka nake yi."

"Ƙaryarki ta fi soson nan taushi. Rabin asibitin nawa ne. Ɗakin haihuwa nake so."

"Me za ka haifa?"

"Jika mai hankali. Waɗanda nake da su sun ƙi. To, kusurwa ɗaya ta gyaru, saura arba'in da ɗaya. Tashi ki kawo siminti."

"Duk sun gyaru."

"Duk?"

Ta zagaya da shi zanen ɗaki ɗaki. Ya riƙa bin kowace kusurwa da ɗan yatsa a kan gilashi.

"Aikin wata guda kenan, ni da lebura shida. Kwamfutar nan ko ruwa ba ta nema ba. Yarinya, na sake ki. Wannan zan aura."

"Ba ta son marar haƙori."

"Ita tana da su?"

"Kuma in aka ɗauke wuta ba ta magana."

"Kai! Mace mai shiru? Yau za a ɗaura!"

Dariya ta ƙwace mata har ta kifa kai a tebur. Da ta ɗago, tana share hawaye, sai ta gangara ƙasan zanen, wurin da ake sa waɗanda suka yi aiki, ta rubuta a ƙarƙashin sunanta: "Mai sasanta bango: Kaka."

"Shi kenan, angon kwamfuta, ka ci. Ga shi an sa ka."

Ya matso da hanci har yana taɓa gilashin.

"Ƙara girman rubutun. Amaryata ba ta gani sosai."